Yadda Ake Bin Sawun Abin da Talabijin Ya Canja Daga Littafi, da Misalin Game of Thrones

Ni da ƙanena mun shafe kusan shekara biyu muna musu a kan labari ɗaya, ashe ba labari ɗaya muke magana a kai ba. Shi ya kalli Game of Thrones tun daga kashi na farko har na 73, wasu ma sau biyu. Ni kuwa da littattafan George R. R. Martin na fara, guda biyar, waɗanda na tsinto ɗaya bayan ɗaya a wurin masu sayar da littattafan gwanjo. In na ce Sansa ba ta taɓa auren Ramsay Bolton ba, sai ya ce, "Haba Yaya, da idona fa na gani." In ya kawo zancen wata Talisa, sai in ce ban san ta ba, ban taɓa jin sunanta ba. Kowa da gaskiyarsa, kowa na ganin ɗan'uwansa ya ruɗe.

Abin da ya raba gardamar nan shi ne wani littafin rubutu irin na 'yan firamare da na saya, na dinga rubuta duk bambancin da na gani. Daga nan na koyi wata hanya ta kallon irin waɗannan shirye-shirye da aka ciro daga littattafan almara, kuma ita zan shimfiɗa maka a nan. Amma gargaɗi biyu tukuna. Zan tona asirin labarin sosai, har da wanda ya mutu da wanda ya rayu, don haka in ba ka so a ɓata maka, tsaya nan. Sannan shirin nan akwai tsiraici da zubar da jini a cikinsa, ba abin da za ka kunna a tsakar gida ba ne yara na zaune, balle a gaban iyaye. Ni da yatsana a kan maɓallin turawa gaba nake kallonsa.

Fara da jera kayan aikinka

Kafin ka ce an canja wani abu, sai ka san wane littafi ne ya yi daidai da wane zango. Littafi na farko ya fito a 1996, na biyu a 1998, na uku a 2000, na huɗu a 2005, na biyar a 2011. Shirin kuma tashar HBO ta fara nuna shi a watan Afrilun 2011, ta kammala a watan Mayun 2019, zango takwas. Zango na farko ya bi littafi na farko kusan sau da ƙafa. Na biyu ya bi na biyu, amma ya fara ratsewa. Littafi na uku saboda kaurinsa sai da aka raba shi zango biyu, na uku da na huɗu. Daga nan lissafi ya rikice: littafi na huɗu da na biyar a lokaci guda abubuwan cikinsu suke faruwa, marubucin ya raba su ne bisa wurare, wato mutanen wannan yanki a nan, na wancan yanki a can, kuma zango na biyar ya cusa mafi yawansu cikin kashi goma. Daga zango na shida zuwa ƙarshe kusan babu littafin da za ka kwatanta da shi, domin littafi na shida bai fito ba.

Shawarata ita ce ka karanta littafi guda ka gama, sannan ka kalli zangonsa cikin mako ɗaya ko biyu, tun abin yana ɗanye a kanka. Kada ka haɗa su, babi ɗaya kashi ɗaya. Na gwada, kaina ya cakuɗe, har na daina sanin wanne na gani, wanne na karanta.

In littafin gwanjo ka saya, duba shafukan ƙarshe kafin ka biya kuɗi. Nawa na uku ashe an yage masa ganye kusan goma a baya, ban lura ba. Na ɗauka labarin ya ƙare a inda ya ƙare. Sai bayan wata shida wani abokin aikina ya tambaye ni yadda na ji da dawowar Catelyn Stark, mahaifiyar Robb da Sansa, na yi ta musu da shi cewa ai an yanka ta a wurin bikin aure an jefa gawarta kogi, shi ke nan. Ashe a waɗannan shafukan da suka ɓace ne ta bayyana, an tashe ta daga mutuwa, maƙogwaro a yanke, tana jagorantar 'yan fashin daji suna rataye duk wanda ya sa hannu a kisan ɗanta. Ranar na sha kunya.

A littafin rubutun naka, ja layi biyu a kowane shafi ka samu gida uku. Na farko, yadda abin yake a littafi. Na biyu, yadda yake a shiri. Na uku ka bar shi fanko tukuna. Wannan na ukun shi ne ainihin aikin, zan dawo kansa.

Kada ka ɓata tawadarka a kan launin ido

Makon farko za ka cika shafuka da ƙananan abubuwa, kowa haka yake farawa. 'Yan gidan Targaryen a littafi idanunsu launin shunayya ne, a shiri ba haka ba. An gwada saka wa 'yan wasan gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, aka ga yana kashe musu kallo, alhali da ido ɗan wasa yake rabin aikinsa, sai aka bari. Daenerys da ta shiga wutar da aka ƙona gawar mijinta, a littafi gashinta ya ƙone ƙurmus, a shiri ta fito da kitsonta. Daario Naharis a littafi gemunsa shuɗi ne mai baki uku, ga haƙorin zinare, a shiri kuwa namiji ne kamar kowa. Tyrion, ɗan gidan Lannister, a yaƙin Blackwater an sare masa mafi yawan hanci, a shiri tabo kawai aka ba shi, domin wa zai zauna yana goge hancin jarumi da kwamfuta a kowace fitowa har shekara shida?

Haka sunaye. Asha Greyjoy ta koma Yara saboda akwai wata Osha, kuma abin da ido yake bambancewa a takarda kunne ba ya bambancewa. Yaron nan Robert Arryn ya koma Robin don kada a rikita shi da Sarki Robert. Rubuta su ka wuce. Waɗannan ba su ja komai a bayansu ba.

Shekaru kuwa sun ɗan fi nauyi. A farkon littafi Robb da Jon shekararsu 14, Daenerys 13, Sansa 11, Arya 9, Bran 7. Shiri ya ƙara wa kowa shekara biyu zuwa uku ko fiye. Dalilin a fili yake: abin da labarin ya sa yarinya 'yar shekara 13 ta shiga, doka ba za ta bari a nuna shi da ƙaramar yarinya ba, kuma ɗaukar fim da yara yana da ƙa'idar awoyi. To amma lura da abin da ya biyo baya. Wautar da ɗan shekara 14 zai yi a ce yarinta ce, in mai gemu ya yi ta sai a ce sakarci ne. Ƙanena ya tsani Sansa a zango na farko, yana cewa ta cika son kai. Da na gaya masa a littafi shekararta 11, sai ya yi shiru.

Tambayi kanka: ta idon wa nake gani?

Wannan ita ce tambayar da ta fi buɗe mini ido. Littattafan nan kowane babi da sunan mutum guda yake farawa, kuma abin da mutumin ya gani, ya ji, ya raya a zuciyarsa, shi kaɗai za ka sani. Robb Stark, duk da sarautarsa da yaƙe-yaƙensa, ba shi da babi ko ɗaya. Ta idon mahaifiyarsa muke ganinsa, a matsayin yaron da take jin tsoron rasawa. Tywin, mahaifin Tyrion, ba shi da babi, Littlefinger da Varys, 'yan makircin fadar sarki, su ma ba su da shi. Kyamara kuwa ba ta shiga zuciyar mutum, sannan tana iya shiga kowane ɗaki.

Saboda haka za ka ga abu iri biyu. Na farko, tunanin da mutum ya yi shi kaɗai a littafi dole a samo masa wanda zai faɗa wa. Shi ya sa aka ƙirƙiro wata mace mai suna Ros, wadda babu ita a littafi, manyan mutane suna zuba mata sirrinsu don mu ji. Na biyu, za ka ga zaman da ba zai yiwu a littafi ba, domin babu mai babi a cikin ɗakin. Hirar Sarki Robert da matarsa Cersei a zango na farko, inda suka zauna da kofin giya suna lissafin yadda aurensu ya mutu tun bai fara ba, babu ita a littafi. Masu shirin, David Benioff da D. B. Weiss, sun faɗa cewa kashi-kashi na zangon farko sun zo musu gajeru, sai suka rubuta ƙarin hirarraki na mutum biyu a ɗaki guda, masu arha, don cike lokaci. Ka ji fa, ciko ne, amma a ganina yana cikin mafi kyawun abin da shirin ya yi.

Wani misalin da nake yawan kawowa: a littafi na biyu, Arya, ƙanwar Sansa, a fadar Harrenhal ta yi wa Roose Bolton, mahaifin Ramsay, hidimar zuba abin sha. A shiri sai aka mai da shi Tywin Lannister, babban maƙiyin gidansu, bai san ko ita wace ce ba, yana yaba kaifin basirarta. Na rubuta a littafina cewa wannan canji ya fi na asali daɗi. Mai karatu ya saba da cewa littafi kullum shi ne daidai, amma in za ka yi wannan aiki da gaskiya sai ka yarda ka rubuta irin wannan in ta kama.

Bi sawun kuɗi

Martin ya yi aikin rubutun talabijin a Amurka a shekarun 1980, kuma ya sha faɗa cewa kullum ce masa ake abin da ya rubuta ya yi tsada, a rage. Da ya koma rubutun littafi sai ya saki hannu: dubban mayaƙa, katangar ƙanƙara mai tsayin ƙafa 700, dodanni masu feshin wuta, liyafa mai kwanuka 77. Tawada ba ta da tsada. Sai ga shi abin ya dawo talabijin, inda kowane doki kuɗi ne, kowane mai riƙe mashi a baya sai an ciyar da shi an ɗinka masa kaya. A zango na farko kowane kashi ya ci kimanin dala miliyan 6, a na ƙarshe kimanin miliyan 15.

Don haka duk inda ka ga an kauce wa babban taro, rubuta "kuɗi" a gefe. A littafi na farko Tyrion ya shiga yaƙin Green Fork, ya yi faɗa da hannunsa. A shiri, tun kafin a fara wani ya buge shi da guduma bisa kuskure ya suma, ya farka an gama. Dabara ce ta tsallake yaƙi dungurungum. Farautar da Sarki Robert ya fita, wadda ta zama ajalinsa, a shiri mutum huɗu ne a ƙasa suna ratsa daji, kuma Martin da kansa ya koka da wannan, domin sarki ba ya fita farauta sai da dawaki da karnuka da tantuna da 'yan rakiya. Duk wanda ya taɓa ganin hawan sarki ya san gaskiyarsa. Kyarketan 'ya'yan Stark, waɗanda a littafi kusan ba sa rabuwa da masu su, a shiri sai su ɓace na tsawon zango, domin a farko karnuka aka yi amfani da su, da suka girma kuma sai aikin kwamfuta.

Wanda ya fi ba ni haushi a wannan sashe shi ne sarƙar Blackwater. A littafi na biyu Tyrion ya tara maƙeran birni ya sa su ƙera wata ƙatuwar sarƙa, mutane na ta mamakin me zai yi da ita. Ranar yaƙi, da jiragen Stannis, ƙanen Sarki Robert mai neman sarauta, suka shigo kogi, sai aka ɗaga sarƙar a bayansu, wuta ta tashi, babu hanyar fita. A shiri babu sarƙa, jirgi guda aka cika da koriyar wuta aka harba masa kibiya. Kallon ya yi kyau, ba musu. Kuma Martin ne da kansa ya rubuta wannan kashin, cikin guda huɗu da ya rubuta wa shirin. Ke nan har mai labarin, in ya zauna a kujerar talabijin, sai ya yanka nasa.

Wa ya gaji kayan wanda aka cire?

Littattafan nan suna da ɗaruruwan mutane masu suna. Mai kallo ba zai riƙe fuskoki haka ba, kuma kowace fuska albashi ce. Abin da ake yi shi ne a cire mutum a ɗora kayansa a kan wanda aka riga aka sani. Idan ka ga mutum ya ɓace, kada ka tsaya a "an cire shi". Nemo wanda ya gaji aikinsa.

Edric Storm, ɗan da Sarki Robert ya haifa a waje, shi ne a littafi aka ɗebi jininsa da matsattsaku don yin tsafi. A shiri Gendry ya gaji wannan. Cutar da ke mai da fata kamar dutse, Jon Connington ta kama a littafi, a shiri babu shi sam, sai aka ba Jorah Mormont. Loras Tyrell yana da yayye maza biyu a littafi, Willas da Garlan, a shiri shi kaɗai ne namiji, ya zama magajin gida.

Mafi nauyi a wannan jerin shi ne na Sansa. A littafi na biyar, yarinyar da aka aurar wa Ramsay Bolton ƙawarta ce, Jeyne Poole, wadda aka yi ƙaryar cewa Arya ce don gidan Bolton su samu hujjar riƙe Winterfell, fadar gidan Stark a Arewa. Sansa tana can wani yanki mai suna Vale tare da Littlefinger, tana koyon siyasa. A zango na biyar sai aka cire Jeyne aka sa Sansa a gurbinta. Na gane lissafin: ga jarumar da kowa ya sani ba ta da aikin yi a wannan zango, ga labari mai zafi a hannun yarinyar da ba wanda ya tuna. Amma canjin ya ja wata ɓarna. Littlefinger, mutumin da aka nuna mana ya san sirrin kowa, ya miƙa mafi darajar abin da ke hannunsa ga wanda duk Arewa ta san muguntarsa. Don a kai Sansa Winterfell sai da aka mai da mai wayo wawa.

Yanzu koma gida na uku

Ga abin da za ka rubuta a gidan da ka bari fanko: me wannan canji ya ja a bayansa, kuma ya taɓa dalilin da ya sa mutum ya aikata abin da ya aikata? Da wannan ma'auni nake raba canjin da ba komai da wanda ya sauya labari. Ana iya sauya suna, fuska, gari, har wanda ya riƙe wuƙa, labari ya tsaya da ƙafarsa. Amma in aka taɓa dalili, mutumin da ke allo ya zama wani daban ko da sunansa bai canja ba.

Ɗauki auren Robb. A duka biyun ya yi alkawarin auren 'yar gidan Frey, ya saɓa, aka kashe shi a wurin biki. In ka tsaya a nan sai ka ce ɗaya ne. To a littafi, an ji masa rauni a yaƙi, wata Jeyne Westerling tana jinyarsa, sai labari ya zo cewa an kashe ƙannensa biyu. A daren baƙin cikin nan abin da ya faru ya faru, washegari ya aure ta don kada ya bar ta da abin kunya. Ɗan Ned Stark ne sak: mutunci ya kashe uban, mutunci ya kashe ɗan. Ga kuma abin da ke ƙasa, gidan Westerling a ƙarƙashin gidan Lannister suke, kuma uwar yarinyar tana da fahimta da Tywin a ɓoye. A shiri kuwa, ya ga wata mai jinyar mayaƙa daga Volantis, Talisa, ya kamu da so, mahaifiyarsa ta gargaɗe shi, ya ƙi ji. Wancan yaro ne da ya zaɓi mutuncin mace a kan alkawarin sarauta. Wannan saurayi ne da ya bi zuciyarsa. Sannan Jeyne ba ta je bikin ba, tana raye. Talisa ta je da ciki, aka fara da ita. Shiri ya ƙara wa daren zafi, ya rage wa Robb nauyi.

Na biyun shi ne wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu. Tyrion yana yaro ya auri wata 'yar talakawa, Tysha. Mahaifinsa ya sa yayansa Jaime ya gaya masa cewa karuwa ce aka yi haya, sannan ya wulaƙanta ta a gabansa ta hanyar da ba zan maimaita ba. Shirin ya ba da wannan labari a zango na farko, ke nan ya shuka irin. A ƙarshen littafi na uku, daren da Jaime ya fito da shi daga kurkuku, sai ya faɗa masa gaskiya: ƙarya ce, yarinyar da gaske take sonsa. Wannan magana ce ta fasa Tyrion. Ya mari Jaime, ya jefa masa maganganun da za su ci shi, suka rabu a matsayin maƙiya, ya hau wurin mahaifinsa ya tambaye shi ina Tysha, amsar da ya samu ta sa ya sake kibiya. A shiri an cire wannan furucin gaba ɗaya. 'Yan'uwa sun rungumi juna sun rabu lafiya, kisan mahaifin kuma aka rataya dalilinsa a kan Shae, farkar Tyrion da ta ci amanarsa.

Minti biyu na magana aka cire, ba doki ba, ba dodo ba, ba kuɗi. Amma bi zaren ka gani. Tyrion na littafi na biyar mutum ne mai ɗaci, mai neman fansa, wani lokacin abin tsoro. Na shiri ya ci gaba da zama mutumin kirki mai barkwanci da kowa ke so, kuma a zangunan ƙarshe ya koma mai ba da shawarar da ba ta aiki, domin an cire masa wutar da ke tura shi. A littafin rubutuna wannan layi guda ya ci shafi uku.

Haka za ka yi da waɗanda aka cire ba magaji. Catelyn da ta dawo daga mutuwa babu ita a shiri, don haka Beric Dondarrion, wanda a littafi ya ba da ransa don ta tashi, ya ci gaba da rayuwa har zango na takwas, labarin Brienne, mayaƙiyar da ta yi wa Catelyn rantsuwar biyayya, kuma ya bi wata hanya. Saurayin da ake cewa shi ne Aegon Targaryen, wanda ya sauka da runduna a ƙarshen littafi na biyar, babu shi, haka Arianne Martell, gimbiyar yankin Dorne, shi ya sa labarin Dorne a shiri ya zama kamar riga ba wuya.

In littafi ya ƙare, sauya tambaya

Daga zango na shida kusan ba ka da abin sakawa a gida na farko. A nan kada ka ce "sun canja", domin ba a rubuta ba balle a canja. Abin da za ka iya yi shi ne ka riƙe jerin waɗanda ke raye a shafin ƙarshe na littafi na biyar amma shiri ya kashe su: Stannis, 'yarsa Shireen, Barristan Selmy, Mance Rayder. Jon Snow kuwa a littafi yana nan kwance a ƙanƙara da saran wuƙaƙe tun 2011. Ka kuma lura da tsawon zango: shida na farko kashi goma-goma ne, na bakwai bakwai, na takwas shida. Tafiyar da a da take cin zango guda sai ta koma ta minti biyar. Yawancin abin da mutane suka yi wa ihu a 2019, in ka duba, ba inda labarin ya sauka ba ne ya dame su, gudun da aka yi kafin a isa ne.

Na gwada hanyar nan a kan House of the Dragon, wanda ya fara a 2022 daga littafin Fire & Blood na 2018, ta yi aiki, sai dai da wani ƙarin sharaɗi. Wannan littafin an rubuta shi ne kamar tarihin da wani malami ya tattara daga majiyoyi masu saɓa wa juna, don haka wani lokaci shiri ba canjawa ya yi ba, zaɓar riwaya guda ya yi. Amma akwai canji na gaske. Alicent, matar sarki, a littafi ta girmi 'yar mijinta Rhaenyra da shekaru, a shiri ƙawaye ne tun ƙuruciya, abin da ya mai da rikicin kishiyar uwa da 'yar miji ya zama na aminan da suka ɓata. Wannan na sa masa alamar yabo. Sai kuma Maelor, ƙaramin ɗan Helaena 'yar Alicent. A littafi makasa biyu sun tilasta mata ta zaɓi wanda za a kashe cikin 'ya'yanta maza, ta nuna ƙaramin, suka kashe babban, suka bar ta da yaron da ya ji uwarsa ta sallama shi. A shiri babu Maelor, don haka babu zaɓin. Martin ya fito fili a watan Satumban 2024 ya koka, yana cewa cire yaron zai ja wasu abubuwa a gaba. Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai, domin gida na uku yake cikewa.

Ƙanena yanzu yana tsakiyar littafi na uku, wani sabo da na saya masa, na ƙirga shafukansa har ƙarshe a gaban mai shagon. Shekaranjiya da daddare ya aiko mini saƙo: "Yaya, wai ina Talisa ne, har yanzu ba ta fito ba?" Ban ba shi amsa ba. Na dai ce in ya zo ranar Juma'a ya taho da littafin rubutunsa.